Wace ƙaramar bindiga zan riƙe saboda beyar a dajin Alaska?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Shekarata biyu ke nan ina aiki a Anchorage, kuma ina da katin zama na dindindin. Bana ina so in fara zuwa kamun kifi a Kogin Russian da hawan duwatsun Chugach, har da kwana a tanti. Abokan aiki sun raba mini hankali: wannan ya ce .44 Magnum, wancan ya ce 10mm, wani kuma ya ce in ba .500 ba ce to asarar kuɗi ce. Ban taɓa mallakar bindiga ba. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ba ka amsar tun daga farko, dalilai su biyo baya. Cikin makon nan ka sayi gwangwanin feshin barkono na korar beyar, ka koyi zaro shi. Bindiga kuwa, in har za ka ba ta lokacin koyo, ka nemi fistol mai cin harsashin 10mm, cikakkiya, irin Glock 20, ka cika ta da harsashi mai nauyi mai tauri, ka ɗaura ta a ƙirji. Idan hannunka ya fi sakewa da libarba, wato mai gidan harsashi mai juyawa, to .44 Magnum ta ƙarfe mai baki inci 4. Ita .500 ka bar ta a shago. Na shekara 14 ina bin ƙoramun jihar nan da rani tare da masu ƙidayar kifi, kuma abin da na gani shi ne girman harsashi shi ne abin da mutane suka fi musu a kai, alhali ba shi ne abin da ya fi tserar da mutum ba.

Ka fara da lissafin lokaci, domin komai a kansa ya rataya. Beyar mai ruwan ƙasa, wanda ake kira girizli, yana iya gudun kilomita 55 a awa. Wato kusan mita 15 a daƙiƙa ɗaya. A cikin kurmin da ke bakin ƙoramunmu, inda ciyawa ke kai wa mutum wuya, da wuya ka hange shi daga nesa da mita 30. In ya taso maka daga nan, daƙiƙa biyu gare ka. A cikinsu ne za ka gane abin da ke faruwa, ka saki sandar kifi, ka kai hannu, ka zaro, ka saita, ka ja kunama. Wanda ya ƙware sosai yakan sami harbi biyu ko uku. Mafi yawan mutane ɗaya suke samu, wasu ko ɗayan ba sa samu. To ka ga tambayar ta canza: wace bindiga ce za ka iya fitarwa ka sami abin da kake nufi da ita a harbin farko, hannunka na rawa, ƙila da safar hannu, ƙila kana tsaye cikin ruwa?

Mu da muka taso a gida ba mu san wannan dabba ba, don haka ka koyi halinta kafin ka koyi harbinta. A Alaska akwai girizli kusan 30,000, baƙin beyar kuma kusan 100,000. Kada ka dogara da launi wajen bambance su, domin akwai baƙin beyar mai ruwan ƙasa, akwai girizli mai duhu. Ka duba kafaɗa: girizli yana da tozo kamar na sa, fuskarsa a lotse, faratansa dogaye. Baƙin beyar ba shi da tozo, fuskarsa a miƙe take. Namijin girizli na bakin teku da ya ƙoshi da kifin salmon yana iya haura kilo 500. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne dalilin harin. Girizli galibi yana far wa mutum ne don an ba shi tsoro, ko uwa ce mai 'ya'ya, ko yana gadin mushe. Sau da yawa yakan taso a guje ya ci birki kafin ya iso, ko ya kauce ta gefe. In ya kai ka ƙasa a irin wannan hali, ka kwanta rub da ciki, ka kare ƙeyarka da hannu, ka yi lamo har ya tafi. Baƙin beyar ba kasafai yake kai hari ba, amma wanda ya bi mutum a hankali, shiru, yana zagayawa, to abinci yake gani, kuma da shi ba a kwanciya, faɗa ake yi da duk abin da hannu ya samu. A watan Yuni na 2017 baƙin beyar ya kashe wani yaro ɗan shekara 16 a Bird Ridge, cikin duwatsun Chugach ɗin da kake son hawa, washegari kuma wani ya kashe wata ma'aikaciya kusa da mahaƙar zinariya ta Pogo.

Ni kaina an taɓa taso mini. Uwa ce da 'ya'ya biyu, a wata ƙorama da ruwanta ke ƙara har ba ma jin juna. Ta tsaya kamar taku goma sha biyu daga gare ni, ta bubbuga ƙasa, ta yi huci, ta juya ta kora 'ya'yanta. Gwangwanin barkono ne a hannuna, ban ma fesa ba. Har yau ina gode wa Allah da ban harba ba, domin da na ji mata rauni ban kashe ta ba, da labarin ya sha bamban, kuma da na kashe ta, da 'ya'yan nan biyu sun mutu a banza.

Ba ra'ayina kaɗai ya sa na fara da barkono ba. Masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, tare da abokan aikinsu, sun tattara abin da ya faru a Alaska. A binciken da suka fitar a 2008 kan feshin barkono, sun samu cewa ya dakatar da girizli a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka fesa, kuma kashi 98 cikin 100 na mutanen da suka riƙe shi sun fita ba rauni. A 2012 suka fitar da na bindiga, inda suka duba haɗuwa 269 daga 1883 zuwa 2009. Masu ƙaramar bindiga sun yi nasara kashi 84 cikin 100, masu doguwa kashi 76. A fiye da rabin haɗuwar an ji wa mutum rauni, kuma babban abin da ya hana bindiga amfani shi ne rashin lokaci. Gaskiya ne ba a jera binciken biyu kai tsaye a ce wannan ya fi wancan, domin yanayin haɗuwar ba ɗaya ba ne, kuma mutum yakan fesa barkono ga beyar mai leƙe-leƙe da ba zai harba ba. Amma ga sabon hannu irinka darasin a fili yake. Barkono gajimare yake yi mai faɗi, yana kai wa mita 8 ko 9, ba ya bukatar saiti mai kyau, kuma in iska ta dawo da shi kanka ko kan abokin tafiyarka, kuka za ku yi ku warke. Harsashi ba haka yake ba. A 2011, a kan iyakar Montana da Idaho, wani maharbi ya rasu ne da harsashin abokinsa da ke ƙoƙarin ceto shi daga girizli. Inda barkono ke gazawa shi ne iska mai ƙarfi da ke kaɗowa fuskarka, da cikin tanti, da beyar mai naci da ke dawowa bayan gwangwani ya ƙare, don feshin 'yan daƙiƙu ne kawai. Nan ne wurin bindiga.

Sai ka san kuma cewa duk ƙaramar bindiga mai rauni ce a gaban wannan dabba. Ƙarfin .44 Magnum bai kai rabin na doguwar bindigar farauta .30-06 ba. Tun 1983 ma'aikatan hukumar gandun daji ta Amurka suka gwada harsasai iri-iri a kusa-kusa, suka sa manyan dogayen bindigogi a gaba, suka ɗauki .44 Magnum a matsayin ta ko-ta-kwana. Shi ya sa har yau ma'aikatan daji da yawa doguwar bindigar shotgan mai geji 12 suke ratayawa, da dunƙulallen harsashi guda. Amfanin ƙaramar ɗaya ne: tana jikinka lokacin da hannayenka biyu ke kan sandar kifi, doguwar kuwa tana jingine a bishiya.

Tunda ba ta da ƙarfin kayar da beyar da duka, aikinta shi ne huda. Dole harsashin ya ratsa gashi mai kauri, da fata, da kitse, da tsoka, ya fasa ƙashi, ya isa ƙwaƙwalwa ko laka, ko ya karya kafaɗa. Harbin huhu ko zuciya yana kashewa, amma bayan dabbar ta sami lokacin da za ta gama da kai. Don haka ka nisanci harsashi mai rami a baki, wanda ake sayarwa don tsaron gida: an yi shi ne ya buɗe kamar fure ya tsaya da wuri. Abin da kake so shi ne darma mai tauri mai faffaɗan baki, ko jan ƙarfe zalla, mai nauyi a ajinsa. A 10mm, giren 200 zuwa 220, wato kamar giram 13 zuwa 14. A .44 Magnum, wajen giren 300, kusan giram 19. A .357 Magnum, giren 180. Nau'in harsashin ya fi lambar da ke jikin bindigar muhimmanci. A 2016 wani tsohon jagoran mafarauta a nan Alaska ya kashe girizlin da ya far wa baƙinsa masu kamun kifi da fistol 9mm, da harsashin darma mai tauri giren 147. Ba ina ce maka ka riƙe 9mm ba. Mutumin ya shafe shekaru masu yawa yana bin beyar, ya san inda zai sa kowane harsashi. Abin da labarin ke nunawa shi ne huda da saiti su ne suka yi aikin.

Yanzu bindigogin da abokanka suka lissafa.

.44 Magnum ta fito ne a tsakiyar shekarun 1950, kuma ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Libarba irin Smith & Wesson 629 ko Ruger Redhawk tana cin harsashi 6. Ba ta damu da siffar bakin harsashi ba. In ɗaya ya ƙi tashi, ka sake jan kunama na gaba ya zo. In dabbar tana kanka ka danna bakin bindigar a jikinta, za ta tashi. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Kuɗin da kake biya shi ne nauyi, sama da kilo ɗaya, da kunama mai tauri mai dogon ja, da shuri, wato yadda take dukan hannu ta ɗaga baki sama bayan kowane harbi. Sabon hannu yakan fara runtse ido yana danna bakin ƙasa tun kafin ta tashi, kuma wannan ɗabi'a in ta kama mutum tana da wuyar sakinsa. Akwai .44 marasa nauyi, irin 329PD da ba ta wuce giram 750 ba. Daɗin ɗauka gare ta, amma da harsashi mai nauyi shurinta azaba ne, har yakan sa harsasan da ke jira su zamo daga kwansonsu su leƙo gaba su hana gidan juyawa. Ba ta mai koyo ba ce.

Su .454 Casull da .460 da .500, wadda Smith & Wesson ta fitar a 2003, suna da ƙarfi ba musu. Ga mai farauta da zai jingina hannu ya saita a tsanake, suna da amfani. Ga wanda ke da daƙiƙa biyu, nauyinsu yana jinkirta zarowa, shurinsu yana cinye harbi na biyu, harsashinsu yana da tsadar da ke hana mutum yawan gwaji, kuma a rana ta uku ta tafiyar ƙafa za ka iske su a cikin jaka. Na sha ganin haka.

10mm ta fito a 1983. Ƙarfinta bai kai na .44 ba, kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Amma Glock 20 tana ɗaukar harsashi 15 a gidan harsashi ɗaya, cike take ba ta fi libarbar ƙarfe nauyi ba, kunamarta ta fi sauƙi, shurinta ya fi laushi, ruwa da laka ba sa saurin lalata ta. Sojojin Denmark na rundunar Sirius, masu sintiri da karnuka a arewa maso gabashin Greenland inda farin beyar yake, ita suke ratayawa tare da doguwar bindigarsu. Kada adadin 15 ya ruɗe ka, ba za ka sami lokacin harba su ba. Abin da ya sa na zaɓa maka ita shi ne yawancin masu koyo sun fi samun abin da suka saita da ita, harbi na biyu ya fi saurin zuwa, kuma harsashin gwajinta ya fi araha. Tana da nata laifin da dole ka sani. In ka danna bakinta a jikin dabba, saman yakan ja baya kaɗan ta ƙi tashi. In ka riƙe ta sako-sako, da hannu ɗaya kana kwance, takan sarƙe. Harsashi mai faffaɗan baki ba kowace fistol ke haɗiye shi lafiya ba. Kamfanin Glock ma yana hana amfani da darma tsirara a bututunsa, shi ya sa wasu ke canza bututun, wasu ke sayen harsashi mai rufi ko na jan ƙarfe. Duk wanda ka zaɓa, ka harba gida biyu ko uku na ainihinsa a bindigarka kafin ka yarda da shi. In ta sarƙe ko sau ɗaya, canza harsashi. Man bindiga da yawa kuma yana daskarewa a sanyi, ɗan kaɗan ya isa.

Kada ka saya a kan maganata kawai. Je filin koyon harbi inda ake ba da haya, ka ɗauki darasi wurin malami mai lasisi, ka fara da ƙaramin harsashi har hannunka ya zauna. Sannan ka gwada biyun: ka kafa farantin takarda a mita 10, ka ɗaga bindigar daga ƙasa, ka harba uku da sauri. Wacce ta fi sa ukun a cikin faranti cikin daƙiƙa uku, ita ce taka, ko da .357 Magnum ce. Faranti na ce, domin abin da za ka saita bai fi shi faɗi ba. Beyar mai tasowa kansa a ƙasa yake, yana sama yana ƙasa, kuma ƙwaƙwalwar tana ƙasa da inda ido ke zato. Ka saita hanci. Tunda yana matsowa, harbin mai firgita yakan wuce ta sama ya sami baya.

Inda za ka ɗaura ta ya kai zaɓen bindigar muhimmanci. Ɗamarar jakar goyo tana rufe ƙugu, rigar robar shiga ruwa tana rufe shi gaba ɗaya. Kube na ƙirji shi ne mafita: yana sama da ruwa, kowane hannu yana kai wa gare shi, kuma yana jikinka ko ka ajiye jaka. Ya zama wanda aka yi wa wannan bindigar, mai rufe kunama ruf. A watan Satumba na 2018, a Wyoming, wani jagoran farauta da baƙonsa suna feɗe barewar elk sai uwar girizli ta far musu. Jagoran yana da Glock 10mm, amma ya cire ta ya ajiye tare da kayansa 'yan taku kaɗan daga wurin. Baƙon ya kai gare ta, ya kasa harbawa, domin babu harsashi a bututu kuma bai san ta ba. Jagoran ya rasu. Bindigar daidai ce, amma ba ta jikinsa. Ka yi ta maimaita zarowa a gida da bindiga wadda ka tabbatar babu komai a cikinta, sanye da rigar da za ka sa a daji. Barkono a ƙugu ko a igiyar jaka ta gaba, kullum a wuri ɗaya. Wanda za ku tafi tare kuma ya san yadda kowanne ke aiki. A gida kuwa, akwati mai makulli, musamman in akwai yara.

Batun doka a taƙaice. Mai katin zama na dindindin yana iya saya a wurin dillali mai lasisi a jihar da yake zaune, in ya kai shekara 21, ya cike takarda aka binciki tarihinsa. In wani ɗan'uwa mai bizar karatu ko ta aiki yana karanta wannan, hukuncinsa daban ne: dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu sharuɗɗa, irin lasisin farauta, kuma kuskure a nan yana iya cinye masa zama, don haka ya ga lauya tukuna. Alaska ba ta neman izini na musamman don ɗaukar ƙaramar bindiga, amma in ɗan sanda ya tsayar da kai, wajibi ne ka gaya masa nan take kana ɗauke da ita. Kada ka shiga Kanada da ita ta mota. Barkonon beyar kuma ba ya hawa jirgin fasinja, ko a jakar hannu ko a ta kaya. In ta kai ka kashe beyar don kare rai, dokar jihar ta yarda, muddin ba kai ka jawo shi da sakacin abinci ko tsokana ba, kuma ba ka da wata mafita. Sai ka sanar da hukuma nan da nan, ka feɗe shi, ka miƙa fatar da faratanta da ƙoƙon kan, ka cike rahoto cikin kwana 15.

Kogin Russian yana buɗewa wajen tsakiyar Yuni, kuma beyar ɗin can sun saba da mutane, sun san jaka da igiyar kifi. Dokar wurin ta ce jakarka da abincinka kada su yi nisa da kai fiye da ƙafa 3, kifin da ka kama kuma ƙafa 12. In ka gyara kifi a can, ka daddatsa ragowar ƙanana ka jefa cikin ruwa mai gudu. Wurin cike yake da jama'a kafaɗa da kafaɗa, don haka a can barkono ne makaminka, domin duk inda ka juya bakin bindiga akwai mutum a bayan abin da kake saitawa. A Chugach ku tafi ku uku ko fiye, ku riƙa magana da ƙarfi a kwana da bakin ruwa, ku dafa abinci nesa da tanti, ku adana shi a gwangwanin da beyar ba ya iya buɗewa. In ka ji warin mushe ko ka ga hankaki sun taru, ku koma ta inda kuka fito. Daga yanzu zuwa Yuni kana da lokacin zuwa filin harbi sau shida ko bakwai. In lokacin ya zo harsasai ukun nan ba su fara zama cikin faranti ba, ka bar bindigar a akwatinta, ka tafi da gwangwani biyu, ka ci gaba da koyo har kaka.